Dashen Bishiya Ko Renon Kututture: Wane Gangami Ya Dace Da Matasan Daura?



Maganar sauyin yanayi ta zama ruwan dare a rediyo da wayoyin hannu, har wasu na ɗaukar ta zancen Turawa da 'yan boko. Amma manomin Zango ko Baure ba sai an kunna masa rediyo ba. Ya san yadda ruwa kan sauka a yi shuka, sai ya ɗauke na makonni, tsiro ya ƙone, a koma neman iri. Wata shekarar kuma ya zubo gaba ɗaya a watan Agusta ya kwantar da katangun ƙasa.

Bayanin masana a taƙaice shi ne: ƙona fetur da gas da kwal yana fitar da iskar kabon. Iskar tana taruwa a sama kamar bargo, hasken rana ya shigo, amma wani ɓangare na zafin ya kasa fita. Daga lokacin da masana'antu suka kankama a Turai zuwa yau, zafin duniya ya ƙaru da fiye da digiri 1. Kada a raina digiri ɗaya. A tambayi wanda zafin jikinsa ya tashi daga 37 zuwa 38. Abin takaicin kuwa, Afirka kaf ɗinta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na wannan hayaƙi, amma yankinmu na Sahel yana cikin masu ɗanɗana kuɗarsa.

Wannan rashin adalci ne ya tayar da matasa. A watan Agusta na 2018, Greta Thunberg, 'yar shekara 15, ta ƙaurace wa aji ta zauna a gaban majalisar dokokin ƙasar Suwidin. Kafin ƙarshen Satumba na 2019 miliyoyin mutane, yawancinsu ɗalibai, sun fito tituna a ƙasashe daban-daban. A Yuganda Vanessa Nakate ta ɗauki tutar, a Nijeriya kuma Adenike Oladosu ta yi ta jan hankalin duniya kan ƙafewar Tafkin Chadi. Sun yi ƙoƙari, sun kuma sa shugabanni jin kunya. Sai dai ƙaurace wa aji ba makaminmu ba ne. Greta da gwamnati mai masana'antu take magana. Mu a nan, inda har yanzu ake lallashin iyaye su turo 'ya'yansu mata makaranta, yajin karatu kanmu za mu cuta. (Wanda ya gwada shi ranar Juma'a kuma, shi da malamin ladabtarwa.)

Gangamin da muka fi sani shi ne dashen bishiya. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Katangar Bishiyoyi, mai tsawon kusan kilomita 8,000 daga Senegal zuwa Jibuti. Katsina na cikin jihohi 11 na Arewa da shirin ya shafa, kuma a 2015 aka kafa masa hukuma ta musamman a Nijeriya. A Satumba na 2019 ɗan garinmu, Shugaba Muhammadu Buhari, ya faɗa a Majalisar Ɗinkin Duniya cewa za a sa matasa su dasa bishiyoyi miliyan 25. Niyya ce mai kyau. Amma kowa ya san yadda bikin dashe yake: a kafa rumfa, babban baƙo ya saka tsiro a rami, a zuba ruwa da buta, a ɗauki hoto, a watse. Sau da yawa ma sai damina ta yi nisa ake yi. Daga nan tsiron zai fuskanci rani na wata bakwai ko takwas, ga akuya, ga gara, ga hunturu. Ana sanar da yawan abin da aka dasa, ba safai ake sanar da yawan abin da ya rayu ba.

To, akwai wata hanya, kuma ba daga nesa ta zo ba. Duk wanda ya tsallaka Kwangwalam ya nufi Matamaye, ko ya bi ta Babban Mutum zuwa Magarya, zai ga gonaki cike da gawo. Ƙasa iri ɗaya da tamu, yare ɗaya, ruwan samansu ma bai fi namu ba. Yawancin waɗannan bishiyoyi ba dasa su aka yi ba.

Bayan farin shekarun 1970, an kashe kuɗi masu yawa ana dashe a Nijar, mafi yawa kuma suka mutu. A 1983 wani masanin noma ɗan Ostireliya mai aiki a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura da abin da kowa ke takawa ya wuce: ƙananan kalgo da sabara da ake sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ne. Tofo ne daga kututturen bishiyoyin da aka sare, waɗanda saiwoyinsu ke nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Tsiron da aka raino a leda sai ya fara neman ruwa daga farko. Kututture kuwa saiwarsa ta riga ta yi zurfi, ba ya buƙatar ban ruwa, kuma ya saba da ƙasar.

Dabarar ba ta da wuya. Lokacin sharar gona, maimakon a sare komai a cinna wuta, sai manomi ya zaɓi kututturen da yake so. A kowanne ya bar rassa ƙarfafa kamar uku zuwa biyar, ya datse sauran da lauje ko gatari mai kaifi, yana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya tsage. Ya rage ƙananan rassan gefe, ya ɗaura ƙyalle don a san mai shi na so. Bayan 'yan watanni ya dawo ya sake gyarawa. Manoman Maraɗi suka sa wa abin suna sassabin zamani. Da farko an yi wa masu yin sa dariya, domin a al'ada gonar da aka share tas ita ce ta manomin kirki. Yau ana ƙiyasta cewa an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a Nijar, da bishiyoyi kimanin miliyan 200, akasari a jihohin Maraɗi da Damagaram. Kuma daga bakin manomi zuwa kunnen manomi abin ya fi yaɗuwa.

Bishiyar gona ba za ta sanyaya duniya ita kaɗai ba, amma tana yi wa gonar aiki. Tana karya iskar da ke binne tsiron gero da yashi a farkon damina. Inuwarta na rage bushewar ƙasa. Gawo kuma halinsa daban ne: da damina yake zubar da ganye, saboda haka ba ya tare wa hatsi rana, ganyen ya zama taki, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani. Sannan rassan da ake datsewa itacen girki ne. Wannan yana da muhimmanci, domin duk mai wayar da kai da zai ce wa uwa kada ta ƙona itace, alhali bai kawo mata abin da za ta dafa tuwo da shi ba, surutu kawai yake yi.

Ba a ce babu matsala ba. Akwai masu sara da dare, akwai saɓani da makiyaya kan sassaƙe rassa. A Nijar ma abin bai kama ba sai da manoma suka tabbata bishiyar da suka rena tasu ce, ƙauyuka kuma suka kafa kwamitocin sa ido. A wurinmu wannan aikin mai unguwa ne da dagaci, kuma ɗalibai na iya kai musu maganar cikin ladabi ta hannun malamansu.

Mafi yawanmu 'ya'yan manoma ne, mu ne kuma muke riƙe da gatari ranar sharar gona. Ba sai mun yi wa iyayenmu lacca ba. Ya isa a ce, "Baba, don Allah a bar mini kututture goma a gefen gonar nan in gwada." Goma ba za su rage masa ko dami ɗaya ba, kuma bayan damina biyu shi da kansa zai yanke hukunci.

A harabar makaranta, inda babu kututture, dashe ya zama dole. Shawarar da muke ba hukumar makaranta ita ce a yi shi da zarar damina ta kankama, a kewaye kowane tsiro da ƙaya, kowane aji ya san nasa, a kuma tsara wanda zai riƙa ba da ruwa lokacin hutu. A watan Mayu, kafin ruwan fari, wakilanmu za su zagaya su ƙirga waɗanda suka rayu, mu liƙa sakamakon kowane aji a wannan allo.