Takalmin Dukawa da Tsohuwar Hanyar Fezzan

Duk wanda ya zaga kasuwar Sabha a kudancin Libiya, ko ya leƙa Tamanhint da ke gefenta, inda 'yan ci-rani daga Damagaram da Maraɗi da Kano suke neman na tuwo, ya ɗan dubi ƙafafun mutane. Silifa ce ta roba, ko sau-cikin kamfani daga Sin ko Turkiyya. Amma ta wannan yanki na Fezzan ne takalman Kano suka riƙa ratsawa a bayan raƙuma zuwa Tarabulus.

Heinrich Barth, Bajamushen da ya yada zango a Murzuk ta Fezzan a 1850 ya isa Kano a 1851, ya ƙiyasta takalman da birnin ke fitarwa a shekara da wuri miliyan 10. Fatar jar akuyar Sakkwato kuwa, da yake ta tashoshin Arewacin Afirka take isa Turai, sai Turawa suka laƙaba mata sunan fatar Maroko. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Hannu biyu ke haɗa takalmi. Majemi ne zai jiƙa fata a ruwan toka, ya kankare gashin, ya tsoma ta cikin bagaruwa har ta jemu, sannan a rina ta ja da karan dafi. Daga nan baduku ya karɓa: ya yanka kirgi ya fitar da tafin, ya huda, ya bi da basilla, ya yi wa saman ado. Yaro kan shafe shekaru a gaban mahaifinsa kafin a yarda ya taɓa fatar mai tsada.

Da layin dogo ya iso Kano a 1911, fata ta juya wa hamada baya, ta nufi Legas. Yau ma ba ta yi kwantai ba. Masana'antun Challawa da Sharaɗa suna saye, su jeme, su aika Italiya da Sifaniya, sauran kuma masu ganda su kai tukunya. Baduku a Ƙofar Wambai da waɗannan yake takarar fata, alhali mai sayen takalminsa farashin roba yake tayawa. Ni dai ban ga laifin ɗansa ba idan ya zaɓi tuƙa adaidaita sahu, inda kuɗin yini ke shigowa kafin magariba.

A Sabiya da maƙwabtanta na yankin Balkan, takalmin fatar manoma da ake kira opanci ya koma na masu rawar gargajiya da 'yan yawon buɗe ido. Namu ma can ya dosa. Aikin da ya fi riƙe ƙwararrun dukawa yanzu shi ne na fada: takalmin gashin jimina na sarki, da dogayen takalman mahaya da sai hawan sallah ya ƙarato ake tuna su.