Kwalekwalen Dufuna da Binciken Asalin Mutanen Farko

Tarihin da kakanni suka bar mana a baka, da wanda malamai suka rubuta a littattafai, bai wuce na shekaru ɗaruruwa ko dubbai kaɗan ba. Amma ɗan Adam ya daɗe a doron ƙasa fiye da haka nesa ba kusa ba. To, ta ƙaƙa ake sanin labarin mutanen da ba su bar rubutu ba, sunayensu kuma suka ɓace? Amsar ita ce, ƙasa tana ajiye abin da suka bari: ƙasusuwansu, da makamansu na dutse, da fasassun tukwanensu, da tokar murhunsu. Aikin masana shi ne su tono waɗannan abubuwa a tsanake, su auna su, su karanta abin da suke faɗi.

Abin da aka samu a Dufuna

Ba sai mun je wata ƙasa ba kafin mu ga misali. Dufuna wani ƙauye ne a Ƙaramar Hukumar Fune ta Jihar Yobe, tsakanin Potiskum da Gashuwa, kusa da kogin Komadugu Gana. A cikin 1987, lokacin da yankin yake cikin Jihar Borno, wani Bafillatani makiyayi yana haƙar rijiya sai ya ci karo da wani itace a zurfin wajen mita 5. Maimakon ya sassare shi, sai aka kai labari ga hukuma. A cikin 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus, a ƙarƙashin Abubakar Garba da Peter Breunig, suka tone wurin.

Abin da suka tarar kwalekwale ne wanda aka sassaƙa daga gungumen itace guda, tsawonsa ya ɗara mita 8, faɗinsa kuwa rabin mita. Gwajin da aka yi ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000. Watau shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka samu a Afirka, yana kuma cikin mafiya tsufa a duniya duka. Daga baya an kai shi Damaturu domin adanawa. Abin da ya hana shi ruɓewa shi ne laka da damshi da suka rufe shi, suka hana iska isa gare shi. Shi ya sa ya zama shaida cewa a wancan zamani ruwa ya wadata a yankin, Tafkin Chadi ya fi na yanzu girma ƙwarai, mutanen wurin kuma gwanayen sassaƙa ne.

Yadda ake gane shekaru

Hanya ta farko kowane mai haƙar rijiya ya san ta. Ƙasa hawa-hawa take: ga jar ƙasa, ga yashi, ga laka. Abin da ke can ƙasa ya riga na sama kwanciya, muddin ba a dagula wurin ba. Saboda haka masana sukan rubuta zurfin da aka sami kowane abu, da abin da ke kusa da shi, kafin su ɗaga shi.

Hanya ta biyu ita ce awon wani sinadari da ake kira kabon 14. Duk abu mai rai, itace ne ko dabba ko mutum, yana ɗaukarsa daga iska ko abinci. Ran da ya mutu sai ɗauka ta tsaya, wanda ke jikinsa ya shiga raguwa. Rabinsa yakan ƙare cikin shekara 5,730, rabin abin da ya saura kuma ya ƙare cikin wata shekara 5,730, haka har ya zama ƙalilan. In an auna abin da ya rage, sai a lissafta lokacin mutuwar. Da wannan hanya aka gane shekarun kwalekwalen Dufuna. Amma ba ta aiki ga abin da ya wuce kimanin shekara 50,000. Ga waɗanda suka fi haka tsufa, akan auna wasu sinadarai na cikin duwatsu, musamman tokar dutse mai aman wuta da ta kwanta a sama ko a ƙarƙashin ƙasusuwan.

Waɗanda suka riga mutanen Dufuna

Masassaƙan Dufuna mutane ne kamarmu sak. In aka kwatanta da abin da aka tono a wasu sassan Afirka, su na jiya-jiya ne. A kogon dutsen Iwo Eleru, kusa da Akure, Thurstan Shaw ya tono ƙasusuwan mutum a 1965, waɗanda aka ƙiyasta shekarunsu wajen 13,000. A Jebel Irhoud ta ƙasar Maroko an sami ƙasusuwan mutane masu kama da mu na kimanin shekara 300,000. A Hadar ta ƙasar Habasha, a 1974, an sami ƙasusuwan wata halitta da aka laƙaba wa suna Lusi, mai shekara miliyan 3 da dubu 200. Ƙugunta da ƙafafunta sun nuna da ƙafa biyu take tafiya, ko da yake ƙwaƙwalwarta ƙarama ce.

Har ila yau, a maƙwabciyarmu Chadi, a hamadar Jurab, ƙungiyar bincike ta Michel Brunet ta sami wani ƙoƙon kai a 2001, aka sa masa suna Tumai. An ƙiyasta shekarunsa wajen miliyan 7. Masana sun duba ramin da lakar baya take shiga ƙoƙon kan, suka ga ya matso gaba kamar na mai tafiya a tsaye. Wasunsu kuwa ba su gamsu ba, suna ta muhawara. Haka ilmin kimiyya yake: hujja ake bi, in sabuwa ta bayyana a sake duba tsohuwar magana. Amma mafi yawan masana sun haɗu a kan cewa a Afirka tushen ɗan Adam yake, daga nan ya bazu cikin duniya. Binciken ƙwayoyin gado na mutanen yau ma ya ƙarfafa wannan magana.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Manoma da maginan rijiya da masu haƙar ma'adinai su ne sukan fara cin karo da irin waɗannan kaya. Gumakan Nok ma a wurin haƙar kuza aka fara samunsu. Dutsen nan mai santsi da ake tsinta a gona, wanda muke kira gatarin aradu, makami ne da mutanen dā suka wasa da hannunsu.

Saboda haka, idan ka ci karo da tsohon ƙashi, ko tukunya, ko gunki, ko makamin dutse a cikin ƙasa, dakatar da haƙa. Kada ka ɗaga shi, kada ka wanke shi, domin da zarar ya bar mazauninsa rabin labarinsa ya ɓata. Ka sanar da mai unguwa ko dagaci, su kai maganar ga ƙaramar hukuma da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayayyakin Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979. Doka ta hana sayar da irin waɗannan kaya ko fitar da su waje ba da izini ba. Da an faskara itacen Dufuna an sa a murhu, da Nijeriya ta yi asarar shaidar shekara 8,000, ba kuwa wanda zai san an yi ta.