Sanda Ɗaya Ko Biyu: Yadda Kwamfuta Ke Bin Hanyar Fayil

Duk akawun da ya taɓa sa wa wasiƙa lamba ya san 'yar karkatacciyar sandan nan, watau /, mai raba sunan ofis da lambar fayil. Ita ce kuma ke raba ma'aji da ma'aji a cikin kwamfuta mai tsarin Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka soma a Bell Labs ta ƙasar Amurka cikin 1969. In an buga /usr/bin, ma'anarsa a tashi daga tushe, a shiga usr, sa'an nan a shiga bin.

To, in hannu ya zarce aka buga /usr//bin fa? Da yawa suna tsammani shel, watau tafintan da ke karɓar umurni daga mai bugawa, shi ke gyara kuskuren. Ba haka ba ne. Galibi shel miƙa hanyar ya kan yi yadda aka ba shi. Zuciyar tsarin ce ke bin ta, ita kuwa sanda goma a jere da sanda guda duk ɗaya ne gare ta. Haka ƙa'idar POSIX, wadda aka fara bugawa a 1988, ta shimfiɗa.

Amma akwai togiya. In sanda biyu cif suka zo a farkon hanya, ƙa'idar ta bar wa kowane tsari ya fassara su yadda ya ga dama. In uku ne ko fiye, a lissafa su ɗaya. Dalili kuwa, wasu tsare-tsare, kamar na kamfanin Apollo a dā da Cygwin a yau, sun mai da // alamar shiga wata kwamfuta dabam. Linux bai bambanta ba. Duk da haka shel ɗin nan bash, in ka ce masa cd //, sai ya kai ka tushe amma ya ci gaba da nuna maka // ɗin, don ba ya yanke hukunci a kan abin da ƙa'ida ta bari a buɗe.

A ganinmu haɗarin yana cikin sauƙin nan. Mai tsara umurni ya kan bar gurbin suna a cikin hanya, kamar /$gida/. In gurbin ya zo wayam, saura //, kwamfuta kuwa ba za ta ce uffan ba, tushe za ta nufa. Ɗan'uwan wannan kuskure ya auku cikin 2015 a manhajar Steam ta Linux: gurbi ya zo wayam a cikin umurnin sharewa, shara ta tashi daga tushe, ta cinye fayilolin wani mai amfani da ita, har da na faifan ajiyarsa da ke jone.