Jawabin Shugaba Johnson: Sai Da Jini Ya Zuba A Selma

Ƙasar Amurka ba ta taɓa rasa shugaba mai daɗin baki ba. Duk wanda ya hau kujera sai ya yi ta ambaton 'yanci da mulkin dimokuraɗiyya. Amma jawaban da suka sāke wani abu a zaman baƙar fata 'yan kaɗan ne, kuma a cikinsu akwai wanda Shugaba Lyndon Johnson ya yi a daren 15 ga watan Maris 1965.

Tun shekarar 1870 tsarin mulkin ƙasar ya hana a tauye wa mutum ƙuri'a saboda launin fatarsa. A takarda ke nan. A jihohin Kudu kuwa, in baƙar fata ya je a rubuta sunansa sai akawu ya ɗora masa jarrabawar karatu mai wuyar gaske, ko kuma a ce ya biya harajin zaɓe. In ya matsa, ya rasa aikinsa. A gundumar da garin Selma ya ke, cikin Jihar Alabama, baƙar fata wajen 15,000 ne suka isa jefa ƙuri'a, amma masu suna a rajista ba su wuce 300 da 'yan kai ba.

Dakta Martin Luther King ya kai kukan ga Johnson a ƙarshen 1964, aka ce masa ya dakata, lokaci bai yi ba tukuna. To, ran Lahadi 7 ga Maris 1965 sai mutum wajen 600 suka tashi daga Selma da ƙafa za su Montgomery, hedkwatar jihar. Suna ƙetare gadar Edmund Pettus 'yan sanda suka far musu da kulake da barkonon tsohuwa, har da masu dawaki. Aka fasa wa wani saurayi, John Lewis, ƙoƙon kai. A daren nan duk ƙasa ta gani a telbijin.

Bayan kwana 8 Johnson ya tsaya gaban Majalisa. Ya ce wannan matsala ba ta baƙar fata ba ce, ba ta Kudu ko Arewa ba ce, ta Amurka ce baki ɗaya. Ya tuna wa 'yan Majalisa lokacin da ya ke malamin makaranta a Cotulla a 1928, yana koyar da 'ya'yan talakawa 'yan asalin Meksiko da ke zuwa aji ba su karya kumallo ba. Daga nan ya ɗauki kalmomin waƙar da masu jerin gwano ke rerawa a titi, ya faɗe su da bakinsa a zauren Majalisa.

Abin da ya ba maganar nauyi shi ne mai yinta. Johnson mutumin Teksas ne, watau ɗan Kudu, wanda ya yi shekara 20 a Majalisa yana jefa ƙuri'ar ƙin duk wata dokar 'yancin baƙar fata. Ga shi kuma ya san lagon kowane Sanata. Shugaba Kennedy ma ai ya yi jawabi mai ratsa jiki ran 11 ga Yuni 1963, sai dai har aka harbe shi dokarsa tana maƙale a Majalisa. Shi kuwa Johnson kwana 2 bayan jawabi ya aika da shirin doka, ran 6 ga Agusta ya sa mata hannu.

Dokar ta dakatar da jarrabawar karatu a jihohin da suka yi ƙaurin suna, ta ba Gwamnatin Tarayya ikon aika ma'aikatanta su rubuta sunayen masu zaɓe, ta kuma hana jihohin nan taɓa dokar zaɓensu sai da iznin Tarayya. A Misisipi, baƙar fata masu rajista ba su kai kashi 7 cikin 100 ba a 1964. Zuwa 1967 sun kusa kashi 60. John Lewis ɗin nan ya shiga Majalisa a 1987, yana ciki har rasuwarsa a 2020.

Sai dai ya rayu ya ga an cire wa dokar haƙori. Ran 25 ga Yuni 2013 Kotun Ƙoli, alƙalai 5 a kan 4, ta soke ma'aunin da ake bi a san jihohin da za su nemi izni. A ranar nan hukumomin Teksas, jihar Johnson, suka ce za su fara aiki da dokarsu ta nuna katin shaida wajen zaɓe, wadda a dā aka hana su.