Ƙurar da ke kwance a tagarka, cikin ƙirjinka take ƙarewa

Ka ɗan tashi ka goga yatsa a kan labulen tagar ɗakinka, ka duba abin da ya fito. In cikin hunturu ne, ba sai na faɗa maka ba. Yawancinmu matasa mukan share ƙasa, mu gyara gado, mu kunna turaren wuta, mu ce ɗaki ya yi fes, alhali ƙurar wata guda tana kwance a taga, wato daidai inda iskar da muke shaƙa take shigowa.

Wannan ƙurar fa ba ta unguwarku ce kaɗai ba. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris, iskar arewa maso gabas tana kwaso ta daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi. Wurin busasshen gindin wani tsohon tafki ne, kuma yana cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya, har takan tsallake tekun Atlantika ta sauka a dajin Amazon. Ita ce ke zama hazon da kan hana jirage sauka a Kano ko Maiduguri. To abin da ya iya tsallake teku, ragar tagarka ce za ta tare shi?

Matsalar ta wuce ta ƙazanta. Ƙwayoyin ƙurar ƙanana ne ƙwarai, suna wuce hanci su gangara hanyoyin numfashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 262 ne ke fama da asma a shekarar 2019, kuma ƙura na cikin abubuwan da ke tayar da ciwon. Idan kana da ƙani ko abokin ɗaki mai asma, ko kai kanka kullum ka farka da atishawa da ƙaiƙayin ido, duk iskar da ta kaɗa labulen nan ƙura take watsa muku, fanka kuma ta zagaya da ita.

Aikin ba shi da wuya, tsari kawai yake so. Fara da kashe fanka, ka sa takunkumi, mai asma kuma ya fita waje tukuna. Kada ka kaɗe da busasshen tsumma ko tsintsiya, domin tayar da ƙurar kawai za ka yi, an jima ta koma inda ta taso.

Idan labulen zamani ne mai falle-falle, na roba ko na alminiyum, irin wanda ake gani a ofisoshi, rufe fallayen su kwanta, ka goge daga sama zuwa ƙasa, sannan ka juya su ka goge ɗaya gefen. Tsohuwar safa ta fi komai sauƙi: zura hannu a ciki, ka jiƙa ta kaɗan, ka matse sosai, ka kama falle ɗaya tsakanin yatsu ka ja daga wannan ƙarshen zuwa wancan. Ruwa in ya yi yawa, ƙurar laka take zama. A bi na alminiyum a hankali, don in ya lanƙwashe ba ya komawa daidai. Na katako kuwa ba ya son ruwa ko kaɗan, kumbura yake yi ya karkace. Wanda ke kicin, inda maiƙo ya kama ƙura ta daskare, sai an sauke shi an jiƙa a baho da ruwan ɗumi da sabulu, a bar shi ya bushe sarai kafin a mayar.

Gilashin taga mai hawa-hawa ma haka ake bin sa, ɗaya bayan ɗaya, amma a kula da bakinsa, yana yanka. Ragar sauro a bi ta da burushi mai laushi sannan tsumma mai laima. Labulen yadi a sauke shi, a kakkaɓe a waje, a wanke. Asabarin kakanninmu ma ai saukewa ake yi a kakkaɓe a tsakar gida. Sharar ƙasa ita ce ta ƙarshe, bayan ƙura ta lafa.

Abu ɗaya da ake mantawa shi ne igiyar labulen. Idan tana reto kusa da gado ko kujera, ƙaramin yaro na iya sarƙe wuyansa da ita. Ka naɗe ta a ƙusa can sama inda hannunsa ba zai kai ba.

Samari kuma, don Allah a daina cewa wannan aikin 'yan mata ne, ko a bar wa Umma da ƙanne. Kai ne mai tsawon da zai kai saman taga, kai ne kuma ke kwana a ɗakin. 'Yar'uwa da ke hostal, ku raba aikin da abokan ɗaki, kowa da makonta. Sau ɗaya a mako lokacin hunturu, sau ɗaya ko biyu a wata da damina, ya wadatar. Asabar ɗin nan, kafin ka ɗauki waya, nemo tsohuwar safa ka fara da tagar da ke kan gadonka.