Masu Tura Littafin Sata a Waya, Ku Ji Tsoron Allah

Wata ɓarna ta shigo mana ta cikin waya, ta bi gida-gida tun daga birnin Kano har ƙauyukan Kura da Bunkure da Garun Malam, kuma mafi yawan masu aikata ta ba su ma ɗauke ta laifi ba. Marubuciya za ta kwashe watanni tana haɗa labari, ta sa masa ɗan kuɗi, naira ɗari uku ko ɗari biyar, ta buɗe zaure a WhatsApp ta ce wanda ya biya ya shigo. Kafin labari ya yi nisa, wata daga cikin waɗanda suka biya ta kwashe ta watsa a wasu zauruka. Daga can wani ya tattara shi wuri guda, ya goge sunan mai shi, ya liƙa lambar wayarsa a sama da ƙasa. Wani kuma ya karanta da murya ya ɗora a YouTube yana cin kuɗin talla. Ita kuwa mai gumin sai dai ta ga littafinta ya zagayo ya same ta a wani zaure, ana ta yi wa wanda ya turo shi addu'ar Allah ya saka da alheri.

Wannan sata ce, ko da an yi mata ado da sunan taimako.

Je ka tsaya a shagon masu cajin waya a Kura bayan la'asar, lokacin da aka taso daga gona. Yarinya za ta zo da wayar yayarta da aka aiko ta da ita daga cikin gida, ta ce, "Malam, wai a zuba mata littattafai masu daɗi, waɗanda aka gama." Mai shago ya jona waya a kwamfuta, ya buɗe wata ma'ajiya cike da rubutun mutane, ya kwarara mata har sai waya ta ce ta cika, ya karɓi abin da bai kai kuɗin mudun shinkafa ba. Bai san ko ɗaya daga cikin marubutan ba, ko kwabo kuma ba zai kai hannunsu ba.

Na san abin da za a ce: ai da ma can ana haya, ana aro. Gaskiya ne. Lokacin da adabin kasuwar Kano ke tashe, zamanin da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu da Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa suka mamaye ɗakunan mata, littafi ɗaya kan bi hannu goma. Amma mai haya sai ya je kasuwar Sabon Gari ya sa kuɗinsa ya saya tukuna. Littafin ya sha hannu, bangon ya yage, shafin ƙarshe ya ɓace, ya koma ya sake saye. Da wannan ɗan kuɗin marubuci ke biyan maɗaba'a ya fitar da kashi na biyu. Marubutan ƙungiyar Raina Kama haka suka tashi, ba gwamnati, ba kamfani, daga aljihunsu zuwa hannun mai karatu. Littafin da ke cikin waya kuwa ba ya yagewa, ba ya tsufa. Mutum ɗaya ya saya, dubu su karanta.

Manoman wannan yanki sun fi kowa sanin ƙarshen irin wannan hali. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 aka jawo ruwa ta babbar magudana zuwa Kadawa da Kura, kowa ya san abin da ke faruwa idan na sama ya fasa gefen kanal da dare ya karkatar da ruwa gonarsa, ko aka ƙi biyan kuɗin ruwa, aka bar ciyawar kacala ta toshe hanya. Na ƙasa ne ke fara ganin shukarsa ta yi yaushi, amma a kwana a tashi kowa zai rasa. Mai tura littafin sata yana fasa kanal ɗin da shi kansa yake sha.

Mun kuma riga mun ga irin wannan da idonmu a harkar fim. Ina kasuwar faifan bidiyo ta Ƙofar Wambai, wadda a da ba a samun wurin sa ƙafa ranar da sabon fim ya fito? Masu tura fina-finai a waya suka cinye ta, furodusoshi da dama suka tattara komatsansu. 'Yan fim ma da suke da jari da suna sun ji jiki, ina ga matar aure da ke rubutu da babban yatsa bayan yara sun yi barci?

Abin da ya fi tayar mini da hankali a matsayina na mai wannan sana'a shi ne irin rubutun da satar ke haifarwa. Marubucin da ya san za a kwashe aikinsa cikin kwana biyu ba zai zauna ya tace ba, ba zai nemi wanda zai duba masa ƙa'idar rubutu ba, ba zai je ya yi bincike ba. Zai nemi abin da zai sa a biya shi yau-yau, kafin ɓarayi su iso. Daga nan ne batsa ta samu ƙofa, domin ita ce hajar da ake rububin biya a ɓoye. Daga nan ne ake jan labarin da bai wuce shafi ɗari ba har ya kai dubu. Masu kunya da ƙwarewa da yawa sun ajiye alƙalami sun koma saye da sayarwa. Sai iyaye su zo suna kukan lalacewar littattafan Hausa, alhali wayoyin gidansu cike suke da na sata. A 2016 tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir a wannan yanki, kwando ya yi tsadar da ba a saba gani ba a Kwanar Gafan, masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa ta tsaya, magidanta suka shiga bashi. Ga labari nan cikakke, mai ciwo, wanda ya isa a yi masa littafi. Amma wa zai ɓata shekara yana bin manoma gona-gona yana tambaya, ya san ladansa ba zai wuce "Allah ya ƙara basira" ba?

A 2007, da aka ƙona littattafan Hausa a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu a zamanin Malam Ibrahim Shekarau, marubuta sun yi ta ƙorafi, don wuta ce kowa ya gani. Asarar yau ta fi waccan yawa, ba wanda ya ɗaga murya. Littattafan gasar rubutun ƙagaggun labarai ta 1933, su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, har gobe ana samunsu, saboda an buga su a takarda a Zariya da sunan masu su. Na kasuwar Kano ma, duk da rainin da aka yi musu, masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu sun tattara sun adana. Wanda aka goge wa suna aka watsa a waya fa? Ranar da waya ta faɗa ruwa, shi ke nan. Ko manhaja ba abin dogaro ba ce: OkadaBooks, inda marubutanmu da dama suka ɗora littattafansu, ta rufe a ƙarshen 2023. Mujallun da a da suke sharhin littattafai suna tabbatar da wane ne ya rubuta mene, yawancinsu sun daina fitowa.

Wanda ke ganin babu hukunci ya sake tunani. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023 ta shafi abin da ake yaɗawa a intanet, ta ba mai haƙƙi damar neman a sauke aikinsa. Ta fuskar addini kuma, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin mawallafi abin karewa ne a shari'a, bai halatta a keta shi ba. Haƙƙin bawa ne, kuma mun san istigfari kaɗai ba ya kankare shi sai mai shi ya yafe. Yaya za a nemi yafiyar wadda aka goge sunanta?

'Yar'uwa mai riƙe da zaure, idan aka turo littafin kuɗi, goge shi, ki gargaɗi wadda ta turo, in ta sake ki cire ta. Malam mai shago, ka nemi marubutan ku yi ciniki, lambobinsu ba ɓoyayyu ba ne. Maigida, kai da ba ka yarda a ɗebi buhunka ɗaya a masussuka ba tare da izini ba, ka ba iyalinka ɗari biyar su saya ta halal.

Mu kuma marubuta, mu daina barin aikinmu a waya kaɗai. Ko kwafi hamsin ne a buga a takarda, da suna da shekara. A kai kwafi uku Ɗakin Karatu na Ƙasa kamar yadda doka ta tanada, a kai wani Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad a Kano, a ajiye wasu a makarantun sakandaren Kura da Bunkure. Reshen Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya na Kano kuma ya tattara koke-koken mambobinsa ya kai wa Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka, a fara da manyan tashoshin YouTube da ke karanta littattafan mutane ba izini.