Kano Pillars: Ƴan kallo ke ɓarar da maki, koci ke biya

A ranar Lahadi 12 ga Oktoban 2025, Kano Pillars na gab da samun maki uku a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Tun farkon wasa take gaba da ci ɗaya, sai Shooting Stars ta Ibadan ta farke a mintunan ƙarin lokaci. Ana busa tashi wasu magoya baya suka kutsa cikin fili, suka far wa alƙalan wasa da ƴan wasan baƙi.

Hukumar gasar Firimiyar Najeriya, NPFL, ba ta ɓata lokaci ba. Ta ci Pillars tarar naira miliyan 9.5, ta zabtare mata maki uku da ƙwallaye uku, ta rufe filin, sannan ta umarce ta da ta koma Katsina da buga wasanninta na gida. Kafin watan ya ƙare, shugabannin ƙungiyar suka dakatar da koci Evans Ogenyi da mataimakinsa Ahmed Garba Yaro Yaro saboda rashin kyakkyawan sakamako.

A fadodin matasa na Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela, inda ake kwana ana gardamar Barcelona da Real Madrid a kan shayi, Pillars ba baƙuwa ba ce. Da yawa daga ƴan Adar sun yi ci-rani a Kano, wasu har yanzu suna can, kuma ita ce ƙungiyar ƙasar Hausa da ta fi kowace suna. Halin da take ciki ya shafi duk wanda ke fatan ganin ƙungiyar garinsu ta kai labari.

Kujerar da ba ta ɗumi

An kafa Pillars a 1990. Ta lashe gasar Najeriya sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta kuma ɗauki kofin ƙalubale a 2019. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Wanda ya taso da wannan tarihin ba ya karɓar canjaras a gida, kuma duk kocin da aka ɗauka da wannan ma'aunin ake auna shi.

Usman Abdallah ya ɗanɗana. Ɗan Kano ne, ya kuma lashe gasar Najeriya da Enyimba a 2019, don haka da aka ba shi ragamar Pillars a 2024 an yi ta murna. A Fabrairun 2025, bayan canjaras da Bayelsa United a Kano inda ƴan kallo suka yi masa ihu, aka dakatar da shi na makonni uku. Dalilan da ƙungiyar ta bayar sun haɗa da sakamako da kuma yadda ya mayar wa magoya baya da martani.

Shi kuwa Ogenyi, shi ne ya dawo da Pillars babbar gasa a 2023 bayan shekara guda a rukunin ƴan dagaji. Wannan bai hana a dakatar da shi ba tun kakar ba ta yi nisa ba. Daga baya aka nemo Mohammed Babaganaru, wanda ya ci wa ƙungiyar kofi a baya. Cikin shekara guda ke nan an dakatar da manyan kociyoyi biyu.

Inda makin ke zubewa

Babu mai cewa koci ba ya da laifi. Shi ke zaɓen ƴan wasa, shi ke canji, kuma ƙungiyar da ake farke mata ƙwallo a minti na ƙarshe tana da tambayar da za ta yi wa bencinta. Sai dai lissafin ranar 12 ga Oktoba a fili yake: ƙwallon Shooting Stars maki biyu ta rage wa Pillars, masu kutsen suka rage mata uku, suka kuma raba ta da filinta. A gasar Najeriya, inda cin wasa a waje ke da wuya ƙwarai, rasa gida ya fi rasa ɗan wasan gaba ciwo.

Kuma ba yau farau ba. A Afrilun 2022 wasan Pillars da Katsina United ya watse bayan ƴan kallo sun shiga fili, aka kuma farfasa motar baƙin. An ci tarar naira miliyan 9, aka mayar da ƙungiyar Abuja. A watan Yuni na shekarar, a wasa da Dakkada, aka samu shugaban ƙungiyar na lokacin da laifin cin zarafin mataimakin alƙalin wasa, aka cire maki uku. A ƙarshen kakar Pillars ta faɗi daga babbar gasa. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan hukunce-hukuncen da ya samo asali daga dabarun koci.

To me ya sa shi ake fara kora? Pillars mallakar gwamnatin jihar Kano ce, kamar yadda akasarin ƙungiyoyin Najeriya ke hannun gwamnatocin jihohi. Gwamna ke naɗa shugabanni, baitulmalin jiha ke biyan albashi. Idan gari ya ɗauki zafi, shugabannin na buƙatar matakin da jama'a za su gani cikin kwana ɗaya. Gyara tsaron fili, da tantance masu shiga, da gurfanar da masu jifa, duk suna cin kuɗi da lokaci, suna kuma jawo baƙin jini a siyasa. Dakatar da koci takarda ɗaya ce. An bar jaki ana dukan taiki.

A Yulin 2025 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya naɗa Ahmed Musa janar manaja. Tsohon kyaftin ɗin Super Eagles ɗin a Pillars ya yi suna, inda ya zura ƙwallo 18 a kakar 2009/2010 kafin ya tafi Turai. Naɗin ya ƙara wa magoya baya buri, kuma burin da bai cika ba kan koci yake sauka.

Abin da ya shafi jahar Tahoua

A Nijar matsalar ta sha bamban, amma tushenta ɗaya ne: wa ke riƙe da ƙungiya, kuma da wane kuɗi? Gasar ƙasa ta daɗe a hannun ƙungiyoyin Yamai, musamman na jami'an tsaro da kamfanonin gwamnati, irin su AS FAN da AS GNN da USGN da AS Douanes da Nigelec da SONIDEP. Sai an koma 1983 da 1984, lokacin Jangorzo ta Maraɗi da Espoir ta Damagaram, kafin a tuna kofin ya bar babban birni.

Jahar Tahoua ta sha samun wakilci a rukunin farko, da Ader FC da Malbaza FC da JS Tahoua, amma zama a can ya fi shiga wuya. Ƙungiyar da ba ta da ma'aikatar da ke biyan albashi kowane wata, kan rasa ƴan wasanta masu kyau da zarar sun fara haskawa, ga kuɗin mota na fiye da kilomita 400 daga Ƙonni zuwa Yamai. Kocin irin wannan ƙungiyar kan wayi gari shi ne mai horaswa, shi ne mai lallashin ƴan wasa, wani lokacin shi ne mai neman kuɗin abinci. Idan aka sha kashi ranar Lahadi, sunansa ake kira a fada.

Abin da Pillars ke da shi wanda ƙungiyoyin Yamai da yawa ba su da shi, shi ne jama'ar da ke cika fili. Irin wannan jama'ar ce kaɗai jarin da ƙungiya daga Ƙonni ko Malbaza ko Illela za ta iya dogara da shi, domin tikitin ƴan kallo da tallafin ƴan kasuwa da na ƴan uwa mazauna waje ne za su maye gurbin baitulmali. Amma Kano ta nuna sau biyu cikin shekara huɗu cewa jarin kan iya zama asara a minti biyar.

Magoya baya na da hanyoyin nuna fushi da ba sa cin maki: su yi ihu, su ƙaurace wa fili, su tambayi shugabanni inda kuɗi suka shiga da yadda aka sayo ƴan wasa. Koci kuma a auna shi da kwantiragi da abin da aka ba shi na aiki. Wanda ya tsallake shinge ya doki alƙali, ya riga ya yi wa ƙungiyarsa ɓarnar da babu kocin da zai iya gyarawa a ranar wasa, ko da Babaganaru ne.